Gasar rubutu kan haƙƙin ɗan Adam: ta ina zan kamo?

Autar zaure: Salamu alaikum yayyena. Tsangayarmu ta shari'a ta sa gasar rubutun maƙala kan dokokin kare haƙƙin ɗan Adam, kowa ya zaɓi maudu'insa. Ina tunanin farawa da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948. Me zan karanta?

Barista: Wa alaikumus salam. Auta, rabin 'yan ajinku da 1948 ɗin nan za su buɗe, mai maki zai gaji tun a shafin farko. Ɗauki sashe guda ki tatse shi. Ga sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999: wanda aka kama, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Sai ki tambaya, me ya sa mutum ke shafe watanni a tsare yana jiran shari'a?

Anti Lauya: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne a zo neman yaro, a rasa shi, a tafi da tsohon ubansa da carbi a hannu, wai sai ɗan ya kawo kansa. Sashe na 7 na dokar ACJA ta 2015, wato dokar tafiyar da shari'ar laifuka, ya haramta wannan ƙarara. Amma ki lura ƙanwata, ta tarayya ce da Abuja, sai ki duba wadda jiharku ta yi.

Ɗan Maraɗi: In kina son shari'ar da ba kowa zai taɓo ba, ga ta Hadijatou Mani. An sayar da ita tana 'yar shekara 12. A 2008 kotun ECOWAS ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Hukuncin kansa za ki nema, ba abin da jarida ta taƙaita ba.

Autar zaure: Allah ya saka. To Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 fa, tana aiki a kotunanmu?

Barista: Tana aiki, domin an mayar da ita dokar ƙasa. Karanta shari'ar Abacha da Fawehinmi, Kotun Ƙoli, 2000: tana da ƙarfin doka, amma tsarin mulki na samanta. In ilimi kika zaɓa kuma, sashe na 6(6)(c) na tsarin mulki ya hana kai ƙara kan Babi na 2, inda batun ilimi yake, amma ga kotun ECOWAS a shari'ar da ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAP ta kai Najeriya, a 2010 ta ce ilimi haƙƙi ne. Nan akwai muhawara mai daɗi.

Anti Lauya: Barista, kada ka lafta mata kaya. Guda ɗaya ya isa.

Autar zaure: Na ɗauki na Anti, kamun madadi. Barista, in na gama daftarin farko zan turo ka duba mini.

Barista: Turo kafin Juma'a, ranar Litinin ina kotu.