Wanda aka taɓa auna wa zufar hannu da na'ura, ya ba mu labari

Wata ƴar'uwa daga Bagalam:
Assalamu alaikum. Innarmu tana da ciwon sukari, kwanan nan kuma tafin ƙafarta ke yi mata raɗaɗi, da dare ba ta samun barci. Likitan da ke duba ta ya ce in da hali mu kai ta inda ake da na'urar da ke auna yadda lantarki ke ratsa fatar hannu da ta ƙafa. Tana jin an ambaci kuran ta ce ba da ita ba. Ga wata maƙwabciya ta ƙara tsorata ta, wai irin na'urar nan ce ke tona abin da mutum ya ɓoye a zuci. Don Allah wanda aka taɓa yi wa, ya gaya mana yadda abin yake.

Wani Alhaji ɗan kasuwa, daga unguwar Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba Inna lafiya. An yi mini lokacin da na fita waje neman magani. Sunan na'urar Sudoscan, ƙirar Faransa ce. Na cire takalmi da safa, na taka faranti biyu na ƙarfe, na ɗora tafukan hannuna a kan wasu biyu. Kamar minti 3 aka ce in sauka. Wallahi ban da sanyin ƙarfen ba abin da na ji, don ƙarfin kuran ɗin bai kai bolt 4 ba. Likita ya juyo mini da kwamfuta: lambobin hannu lafiya lau, na ƙafa sun yi ƙasa. Ya ce ƙananan jijiyoyin da ke sa fata ta yi zufa suna cikin waɗanda sukari ke fara ci, tun mutum bai daina jin sukar ƙaya ba. Daga ranar ban ƙara taka tsakar gida ba takalmi ba, kuma kullum kafin in kwanta sai na duba tsakanin yatsuna.

Wata malama da ta yi karatu a Faransa:
Yaya, bari in taɓa maganar maƙwabciyar nan, don ita ta fi tsaya mini a rai. Ina ɗaliba na ba da kaina a wani binciken halayyar ɗan Adam. Aka zaunar da ni a ɗaki shiru, aka shafa ɗan ruwan gishiri mai kauri a kan ƙananan maɓallai biyu, aka ɗaura su a manuniya da ɗan yatsan tsakiya na hannun hagu, tunda da dama nake rubutu. Rabin bolt kawai ke bi ta tsakaninsu. Ana nuna mini hotuna, wani lokaci kuma a saki ƙara a kunne ba zato. Da aka gama suka nuna mini layin da na'urar ta zana. Duk inda ƙarar ta tashi, bayan daƙiƙa 1 zuwa 3 sai layin ya hau, sannan ya gangaro a hankali. Ni kuwa ban ji hannuna ya jiƙe ba ko kaɗan. Zufar ba ta ma kai ga fitowa ba, cika ƴan ƙofofin fata kawai ta yi, kuma da yake ruwa ne mai gishiri sai lantarki ya samu hanya. Da wani ma'auni mai suna mikrosimens ake ƙidaya hawan layin.

Ga abin da nake so Inna ta ji: layin ya hau a hoton maciji, ya hau a hoton wani jariri da ya tuna mini da ɗan ƙanwata, ya kuma hau lokacin da na yi dogon numfashi. Tsoro da murna da ajiyar zuciya duk abu guda suka zana. Na'urar ta san jiki ya motsa, amma ba ta san dalili ba. Kuma ba sabon abu ba ne. Wani likitan Faransa, Charles Féré, ya bayyana shi tun 1888, Carl Jung kuma, wani likitan ƙwaƙwalwa, ya yi aiki da shi a birnin Zurik wajajen 1907, yana faɗa wa mutane kalmomi yana duba wadda ta girgiza su.

Wani direba, Sabon Gari:
Malama ta faɗi gaskiya, ni shaida ne. Na nemi aiki a wani kamfanin waje, suka ce sai an sa mini abin da ake kira na'urar gano ƙarya. Ɗamara biyu a ƙirji da ciki, abin awon tansiyo a dantse, ƙarafa biyu a yatsu. Da aka tambaye ni ko na taɓa sayar da man motar ubangidana, gabana ya faɗi, saboda an taɓa yi mini wannan ƙazafin har aka kai ni gaban manya. Ban ɗauki komai ba, amma hannuna ya yi sharkaf, aikin kuma ban samu ba. Har yau abin na yi mini ciwo. Daga baya ɗan yayana ya karanta mini cewa a Amurka kanta, tun 1988 doka ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada masu neman aiki da ita, kuma a 2003 majalisar masana kimiyyar ƙasar ta ce ingancinta bai kai a dogara da ita wajen tace ma'aikata ba.

Wata Hajiya, Zariya:
Allah ya saka maka, ƙanena. Mai gaskiya ma yakan firgita in an tsare shi da ido.

Wani ma'aikacin jinya, Ɗan Gulbi:
Mu da muka ga masu kuturta, irin waɗanda ake kaiwa asibitin Danja, mun san zumuncin zufa da jijiya tun ba na'ura: tabon da cutar ta kama yakan bushe, ba ya zufa ko da rana ta take. Na ga ana irin awon da likitan Inna ya faɗa lokacin da na je ƙaro ilimi, kuma ina da ƴan shawarwari. Ranar awon kada Inna ta shafa mai a hannu ko ƙafa. A tafi da duk magungunan da take sha, don akwai masu busar da zufa. In akwai gyambo a ƙafar a faɗa tun a ƙofa. Zafi ma yana taɓa sakamako, shi ya sa masu bincike ke riƙe ɗaki a kan digiri 22 zuwa 24, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Kantar hannun manomi ita ma tana rage lambar.

Amma ƴar'uwa, kada ku zauna jiran kuɗin tafiya. Akwai wani siririn zaren roba mai danna fata da ƙarfin giram 10 da ake dangwala wa tafin ƙafa mutum yana rufe da ido, a tambaye shi ko ya ji. Ba kuran, ba tsada. Ku roƙi likitanta ya yi mata wannan a zuwa na gaba, a kuma yi awon jinin da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku, sannan a yanke shawarar ko tafiyar ta zama dole.