Wa ya taɓa saka kalangun da ya ɗauka da kansa a FL Studio?

Ɗan Karantina:
Salam ƴan uwa. Ina Jidda, in na taso daga shugul, wato aiki, nakan ɗan haɗa kiɗan biki a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, amma gangunan da suka zo cikinsa wlh ba namu bane, duk yadda ka jera su kunne sai ya faɗa maka baƙi ne. Akwai wani dattijo a unguwarmu mai kalangu, na ɗauki bugunsa da jawwal, wato waya, na yayyanka ɗaya-ɗaya a Slicex, abin yanka sauti na cikin FL Studio, na jera, sai kalangun ya daina magana kwata-kwata. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana yadda ta kaya dashi.

Abu Hafsa, Makka:
Yankan ne ya kashe maka shi ɗan uwa, nima na sha wannan. Kalangu ai a hammata yake magana, matse tsirkiya da sakinta shi ke kai murya sama ya dawo da ita, to in ka datse kowane bugu ka datse janta kenan. Yanzu ni abinda nakeyi, in sa wa makaɗi abin ji a kunne yana bin metronom, ƙas-ƙas ɗin da ke ƙirga lokaci, a 100 BPM (bugu ɗari a minti), ya buga bar, wato zagayen kiɗa, huɗu ko takwas a jere in ɗauke shi dunƙule a matsayin luf, wato guntun da ke ta maimaita kansa, in zan canja gudu in sa shi a Stretch, wanda ke ja ko matse tsawon sauti. Amma kar ka ja shi da nisa, yana fara kukan ƙarfe. Kuma dan Allah ka kashe mukayyif, wato AC, kafin ka ɗauka, na taɓa ɓata yini guda saboda gurnaninsa ya shiga ƙarƙashin komai, gara kuyi gumi na minti goma.

Bamaiwurne:
Ni daga Mai Wurno ta Sudan nake, yaƙin 2023 ya kawo ni Riyad. Daluka, gangarmu ta Sudan, nake so, nace wa ƙanwata ta ɗauko min a wani biki, ta turo ta sakon murya a WhatsApp, da na saka sai naji ƙasan gangar duk ya tafi kamar ana buga faranti, ashe WhatsApp matse sautin yakeyi. Sai da ta ɗauka a WAV, wanda baya matse sauti, ta turo a matsayin fayil sannan nauyin ya dawo. Na biyu kuma, yawancin kiɗanmu uku-uku yake tafiya, in layukan Playlist, inda ake jera kiɗan, suna kan huɗu-huɗu zaka ga luf ɗin kamar gurgu ne alhali lafiyarsa lau, mayar da Snap, abin da ke saita layukan, 1/3 beat kaji.

Ummu Yasir:
Mu dai tamu matsalar ta miji na ce. Ya tura wa abokinsa aiki Kano, can ya buɗe ba kalangu ba tafi, ashe flp, fayil ɗin aikin FL Studio, baya ɗauke da sautukan, hanyarsu kawai yake tunawa. Zipped loop package ake fitarwa, shi ke haɗa aikin da sautukansa wuri ɗaya.

Ɗan Karantina:
Na gode sosai. Mukayyif kam a kunne yake ranar, Agusta ne fa. Matsalar yanzu Baba yace shi ba zai bi wani ƙas-ƙas a kunne ba, shekara arba'in yana kiɗa ba wanda ya ƙirga masa.

Abu Hafsa, Makka:
Hhh to kyale Baba ya buga son ransa, kai ka tsinci gudunsa da Tap tempo, inda kake dannawa kana bin bugunsa, ka ɗora sauran a kansa. Juma'a zan shigo Jidda, in zo maka da makirfo?