Ta yaya Hyundai suka iya ƙera motar kansu?

Bakanike: Salam 'yan uwa, wani abu ke damuna. Hyundai fa da haɗa motar Ford suka fara a 1968, to ta yaya suka tashi daga ɗaure noti har suka ƙera tasu?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Ilimin suka sayo, kuma ba su ji kunya ba. A 1974 suka ɗauko George Turnbull, ƙwararre a harkar ƙera motoci, daga Ingila da wasu injiniyoyi, injin na Mitsubishi ne, zanen kuma ɗan Italiya Giugiaro ya yi, da haka motarsu ta farko mai suna Pony ta fito a 1975, amma abin da ya fi burge ni yaransu na tsaye kusa da baƙin nan suna koyo suna rubutawa, har a 1991 suka yi injin kansu, Alpha.

Hajiya Mai Shago: Malam Injiniya kar a manta gwamnatin Koriya ta Kudu ta tsaya musu da bashi, ta kuma takura shigo da motocin waje.

Bakanike: Gaskiya Hajiya. Shekara goma sha shida kenan tsakanin Pony da injin, wallahi haƙurin nan ne ya tsaya min a rai.