Hana acaɓa: masu duba doka da masu duba mutum

Sani Agege: Assalamu alaikum. Abin nan ya daɗe yana ci min rai. Da an ambaci hana acaɓa, sai mai ilimi ya ce "tsaro" da "tsarin gari". Tun 1 ga Yuni 2022 da gwamnan Legas Sanwo-Olu ya hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi uku, aka kama mashin ɗin ƙanena, na haya ne ma. Yanzu dako yake a kasuwar Mile 12, yana biyan mai mashin. Wanda ke hange daga nesa doka yake gani, na kusa kuwa 'ya'yansa yake gani suna kwana da yunwa. Shi ya sa masu ilimi ba su da tausayi.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Wane ilimin? Malamin da ya karantar da ni a Idi-Araba daga aljihunsa yake ciyar da almajirai.

Maman Ummi: Boko yake nufi, Malam.

Injiniya Bashir: To ga ɗan boko. Na yi jinyar maƙwabcina a asibitin ƙashi na Igbobi, ɗan acaɓa ne ya hau hannun da ba nasa ba ya karya masa cinya. Shi ba mutum ba ne? In na ce "tsaro", ƙafarsa nake gani da ƙarfe a ciki.

Malam Habibu: Ni dai a daina kiran boko kaɗai ilimi. Alƙur'ani fa?

Injiniya Bashir: Wa ya ce haka, Malam?

Ɗan Baba: Ai Kano ma an hana tun 2013, zamanin Kwankwaso, ba wanda ya ce ba shi da tausayi.

Auwalu Obalende: Kada ka sa Madugu a ciki. Bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero ne aka hana, ka sani.

Ɗan Baba: Jar hula ta motsa.

Auwalu Obalende: Gara jar hula da wanda ko katin zaɓe bai yanka ba.

Maman Ummi: Sani, lambar ƙanen naka fa? Maigidana na neman mai kai kaya.

Alhaji Tanko (shugaban zaure): Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda an zalunci 'yan uwanmu masu acaɓa, ni da idona na ga yadda sana'ar ta riƙe gidaje a Agege. Injiniya ya kawo maganar mutum ɗaya, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan Baba da Auwalu, ku kira ni bayan sallar Isha'i.