Yarona ya dage 0.45 ta fi 0.5 yawa, ta ina zan ɓullo masa?

Wata uwa daga Gwammaja:
Assalamu alaikum. Yarona yana aji biyar na firamare. Tarawa da ɗebewa duk yana yi, amma da ɗigo ya shigo lissafi sai ya rikice. Ya dage 0.45 ta fi 0.5, kuma da aka ba shi 3.5 + 12.25 sai ya samo 12.60. Malamai, a taimaka.

Malamin lissafi, Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Matsalar ɗaya ce: bai kama darajar gurbi ba. Yana karanta abin da ke bayan ɗigo kamar cikakkiyar lamba, shi a wurinsa 45 ake gwadawa da 5. Ki fara gyara bakinsa: ya daina cewa "sifili ɗigo arba'in da biyar", ya ce "sifili ɗigo huɗu biyar".

Sannan ki samo littafin lissafi mai gida-gida, ki ja gurabe: na goma, na ɗaya, ɗigo, na kashi goma, na kashi ɗari. Lamba ɗaya a gida ɗaya. Kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma, kuma ɗigo bai canza wannan doka ba. Ya rubuta 0.5 a sama, 0.45 a ƙasa, ya cike gidan da ba kowa da sifili ta zama 0.50. Gwadawa daga hagu ake farawa: 5 da 4 a gurbin kashi goma, magana ta ƙare.

Ita kuwa 12.60, daga gefen dama ya jera lambobin, 5 ta 3.5 ta hau kan 5 ta 12.25. Ɗigo ƙarƙashin ɗigo ake jerawa: 3.50 + 12.25 = 15.75. Ki koya masa ƙiyasi kafin ya taɓa biro: 3 da 12 kaɗai sun kai 15, to ina 12.60 ta fito?

Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
A yi masa da kuɗi mana. Naira ɗaya kwabo 100 ce. Kwabo 50 da kwabo 45, wanne ya fi?

Malamar firamare, Ɗorayi:
Alhaji, dabarar tana da kyau, sai dai yaran yanzu ba su taɓa sayen alewa da kwabo ba. Tef ɗin tela ya fi, don yana gani da idonsa. Hajiya ki juya gefen santimita, kada ki yi amfani da gefen inci, shi rabonsa takwas ne ko sha shida, ba goma ba. Mita ɗaya santimita 100 ce. Ya ɗora yatsa a kan 45, ya ɗora wani a kan 50. Daga nan ki ce ya nuna miki 0.05 na mita. Idan ya kai yatsa kan 50 maimakon 5, to har yanzu bai san aikin sifilin da ke tsare gurbi ba, sai ku tsaya a nan kwana biyu kuna gwada 3.5 da 3.05.

Uwar yaron:
Na gode, Allah ya saka. To ninkawa da goma fa? An koya masa ƙara sifili.

Malamin lissafi, Fagge:
Wannan gajeriyar hanya ita ke kayar da su a aji shida. A cikakkiyar lamba tana aiki, amma 2.5 × 10 ba 2.50 ba ce, ai 2.50 ita ce dai 2.5. Kowace lamba ce ke matsawa gurbi ɗaya zuwa hagu, ta zama 25. A rabawa da goma kuma su matsa dama, 0.25.

Ki kuma kiyaye agogo. Awa 1.5 awa ɗaya da minti 30 ce, ba minti 50 ba, domin awa minti 60 ce. Kada ki kawo masa misalin lokaci sai na tef ya zauna. Minti goma kullum bayan Islamiyya ya isa, tambaya biyar, kuma kowace ya faɗa miki dalilin amsarsa da baki.