Me ya sa yarjejeniyar Montreal ta yi aiki amma ta Kyoto ta watse?

Ɗan Samaru:
Salam 'yan uwa, masu karatun hulɗar ƙasa da ƙasa ku agaza, asamen aka ba mu. Amurka ta amince da yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan iskar ozon, amma ta ƙi ta Kyoto ta 1997 kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, ita kuma ta Faris kan sauyin yanayi sai shiga da fita take, Trump ya fice Biden ya dawo a 2021 Trump ya sake sa hannun ficewa a 2025. Wace tiyori ce ta fi bayanin wannan?

Baban Khalifa:
Wslm. Riyalizim kawai ɗan uwa, kowace ƙasa ribarta take dubawa. Kyoto ta ɗora wa ƙasashe masu arziki rage hayaƙi ta ƙyale Sin da Indiya, to Amurka za ta yarda ta ɗaure masana'antunta abokin gasarta na sake? Tun kafin taron Kyoto na 1997 majalisar dattawansu ta kaɗa ƙuri'a 95 ba ko ɗaya da ya saɓa cewa ba za su karɓi irin wannan ba.

Aunty Zee:
Baban Khalifa to ai Montreal ɗin ma ribar ce, amma ka duba yadda aka tsara ta, nan 'yan libaral, masu ganin tsari mai kyau na sa ƙasashe haɗa kai, suke da magana. An ba ƙasashe masu tasowa ƙarin shekara 10, an kafa asusun da zai biya musu kuɗin canza gas ɗin firji da na AC mai lalata ozon, an kuma hana cinikin sinadarin da duk ƙasar da ta ƙi shiga, kaga zama a waje ya fi tsada kenan. Kuma gas ɗin firji kamfanoni kaɗan ke yinsa, fetur da kwal kuwa su ne tattalin arzikin gaba ɗaya.

Malam Na Tudu:
Ƙanena lura da abu ɗaya, ƙarfin Amurka bai canza ba tsakanin 2020 da 2021, mai kujerar ne ya canza, riyalizim ba ta da amsar wannan. Nemi abin da masanin siyasa Robert Putnam ya rubuta a 1988, shugaba na ciniki a tebur biyu ne, na waje da na gida, kuma jihohin kwal irin su West Virginia suna da sanatocinsu. Ni da wannan zan gina asamen ɗin.

Ɗan Samaru:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma lakcaran namu ɗan riyalizim ne fa sosai, tsoron makina nake 😅