A ba ni shawara: me zan karanta kan laifukan da suka faru da gaske?

Ummu Hanan: Salamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah masu karatu a taimaka min, na gaji da littattafan soyayya wallahi, so nake in samu wani abu kan kisa ko fashi amma wanda ya faru da gaske, da binciken 'yan sanda da shari'a da komai. Ko na Turanci ne ba damuwa in dai ba mai tauri ba ne.

Baffa Sule: Wa alaikumus salam. Fara da In Cold Blood na Truman Capote, a 1966 ya fito. Wani ƙaramin ƙauye ne Holcomb a jihar Kansas ta Amurka, a 1959 aka wayi gari an kashe wani manomi da matarsa da 'ya'yansu biyu a cikin gida. Tsofaffin fursunoni biyu ne suka yi, wani ya ba su labari a gidan yari wai mutumin yana da akwatin ƙarfe cike da kuɗi, ashe ba akwatin ba dalilinsa, abin da suka fita da shi bai wuce dala 50 ba sai rediyo da madubin hangen nesa. Marubucin ya yi ta zarya garin yana kuma zuwa wajen makasan har aka rataye su a 1965. Sai dai ki sani ya ƙara gishiri, wurin nan na maƙabarta da ya rufe littafin da shi ma ƙagawa ya yi.

Sadiya K: Baffa ni na karanta shi amma ya fiye tausaya wa ɗaya daga cikin makasan, har sai ka ji kamar shi aka zalunta. Anti Ummu ki nemi The Five na Hallie Rubenhold, 2019. Kan matan nan biyar ne da Jack the Ripper ya kashe a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, wanda har yau ba a san ko wane ne ba. Ita ba ruwanta da neman makashin, rayuwar matan ta bi ɗaya bayan ɗaya, auren da ya mutu, 'ya'yan da aka rabu da su, giya, talauci. Ta farkon ma daren da aka kashe ta korar ta aka yi daga gidan kwana saboda ba ta da kwabo 4 na gado. Kuma ta ce babu wata hujja cewa uku daga cikinsu karuwai ne kamar yadda aka shekara sama da 100 ana faɗa. Abin haushi har yanzu mutane biyan kuɗi suke ana zagayawa da su lungunan da dare kamar yawon sallah.

Ummu Hanan: Innalillahi, yawon buɗe ido a wurin kisa?

Abba Injiniya: Sosai kuwa Anti. In kina son na saurare ki sauke Serial zangon farko, 2014, kashi 12 ne, ki sa a kunne kina aikin gida. Kisan wata ɗaliba ne a Baltimore a 1999, aka ɗaure tsohon saurayinta Adnan Syed, Musulmi ne iyayensa 'yan asalin Pakistan. Shirin ya tada ƙura har aka sake shi a 2022 bayan shekara 23, daga baya kotu ta dawo da hukuncin amma bai koma gidan yari ba. Kar ki sa ran za ki gama ki san gaskiya fa, ita kanta mai gabatarwar ba ta yanke ba.

Malam Habu: Ni fa abin nan yana min wani iri. Masifar wasu ta zama abin hira da shayi? Ku tuna lokacin shari'ar yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Kano, har aka yanke masa hukuncin kisa a 2022, yadda aka dinga yawo da hotunanta a WhatsApp ana sa waƙar tausayi, ba wanda ya tambayi uwarta ko tana so.

Sadiya K: Gaskiyarka Malam, dangin ita ɗalibar ta Baltimore ma sun koka da haka. Amma ai mu ma in lokacin Inda Ranka ya yi shiru gida yake, kowa na son jin wa aka kama. Ni dai gara wanda ya zauna ya bi takardun kotu da mai ɗauko hoton gawa ya watsa don a danna masa.

Alhaji Ɗanlami: Ku yara kun tafi Amurka da Ingila kun bar namu. Ɗan fashin nan Lawrence Anini da yaransa fa? A 1986 ya hana garin Benin barci, har Babangida ya tambayi Sufeto Janar Etim Inyang ina Anini yake. Da aka kama shi a watan Disamba sai ga shi wani babban ɗan sanda George Iyamu ne ke ba su bayanai da makamai, a 1987 aka harbe su. Sannan Umaru Dikko, ministan sufuri na Shagari. Yulin 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci aka sa shi a akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila yana kula da numfashinsa, za a ɗora a jirgi zuwa Legas. Sakatariyarsa ta gani ta taga ta kira 'yan sanda, a filin jirgin Stansted kuma akwatin ba shi da cikakkiyar shaidar kayan jakadanci sai kwastan suka buɗe. Mutum huɗu aka ɗaure. Mu a rediyo muka bi shi, kwana da kwanaki ba wata hira a majalisa sai ita.

Abba Injiniya: Alhaji BBC sun taɓa hira da jami'in kwastan ɗin da ya tare akwatin, bari in duba in na samu zan turo nan.

Ummu Hanan: Na gode Allah ya saka. Da na Sadiya zan fara sai na Baffa. Abba in ka samu ka turo min ta bayan fage, data ta ba ta barin in dinga leƙo zaure kullum. Alhaji wai da suka buɗe a sume yake ko ya farka?

Alhaji Ɗanlami: A sume 'yata, sai asibiti aka wuce da shi.